Gyada a Abincin Taro: A Hana Ta Baki Ɗaya ko A Bayyana Ta?

Borin jini na abinci shi ne yanayin da garkuwar jikin mutum take ɗaukar wani furotin da ke cikin abinci, wato sinadarin da ke gina jiki, a matsayin abin cutarwa, sai ta tashi yaƙarsa da ƙarfin da ya wuce kima har jikin ya cutu da nasa martanin. A mafi yawan lokuta abin yakan tsaya a ƙaiƙayi da ƙuraje masu tasowa da kumburin leɓe da amai, amma wani lokacin yakan kai ga abin da likitoci ke kira anafilaksis, inda maƙogwaro ke kumbura, numfashi ya sarƙe, ƙarfin gudun jini ya faɗi, rai ya shiga haɗari cikin 'yan mintuna. A Birtaniya da Amurka da Kanada da Ostireliya, inda lalurar ta yawaita tun shekarun 1990, kimanin yara biyu cikin ɗari ne jikinsu ba ya jituwa da gyada, ban da masu fama da madara ko ƙwai ko riɗi ko 'ya'yan itatuwa masu ɓawo irin su kashu da almon.

Hukumomi sun yi dokoki a kai. Tarayyar Turai ta wajabta tun Disamba 2014 a bayyana nau'o'in abinci 14 da aka sani da tayar da bori, Amurka kuma ta lissafa 8 a dokarta ta 2004, sannan ta ƙara riɗi daga Janairu 2023. Sai dai 'yan kasuwa waɗannan dokoki suka fi shafa, domin uwargidan da ta gasa kek don bikin zagayowar ranar haihuwar ɗanta, ko wadda ta kai cincin taron unguwa sau ɗaya a shekara, ba ta cikin huruminsu. A wannan gurbi da doka ba ta kai ba ne ra'ayi ya rabu biyu: wasu na ganin duk mai tara jama'a ya cire gyada da danginta daga abincinsa baki ɗaya, wasu kuma na ganin a bar abinci yadda yake, a faɗi abin da ke cikinsa, a kuma zauna cikin shiri.

Hujjar masu cewa a hana

Masu wannan ra'ayi sukan fara ne da ƙanƙantar abin da ke isa ya tayar da bori. Ƙwayar gyada ɗaya tana ɗauke da furotin da ya kai miligiram 200 ko kusa da haka, alhali ƙwararrun da Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka tara sun ƙiyasta cewa miligiram 2 kacal na iya tayar da alamomi ga kimanin mutum biyar cikin ɗari na masu lalurar. Ke nan ɓarɓashin da ido ba zai kula da shi ba ya isa ya zama matsala ga wasu, kuma zafin tanda ba ya lalata wannan furotin, hasali ma gyadar da aka gasa a busasshen zafi ta fi dafaffiya tayar da bori.

Daga nan sai su juya ga yadda kicin ɗin gida yake aiki. Masana'anta tana iya ware layi guda don kayan da ba su da gyada, amma uwargida kwano ɗaya take kwaɓa kek ɗin gyada da na cakulan a ciki, rariya ɗaya take tankaɗe fulawa da ita, wuƙar da ta yanka wannan ita za ta yanka wancan, sannan idan aka jera abinci a tebur, baƙo yakan ɗauki cokalin wani faranti ya tsoma a wani bai ma san ya yi wani abu ba. Wannan shi ake kira cuɗanyar abinci, wato ƙaurar furotin daga wani abinci zuwa wani ta hanyar hannu ko kayan aiki, kuma a ganinsu babu hanyar toshe ta da ta kai a ce gyadar ba ta shiga gidan ba tun farko. Lamarin ya fi tsanani a taron ƙananan yara, domin yaro ɗan shekara uku ba ya karanta rubutu, kuma duk abin da ɗan'uwansa ya miƙa masa bakinsa zai kai.

Alƙaluma ma suna ba su ƙarfin gwiwa. Wani bincike da masana na Imperial College da ke Landan suka wallafa a 2021, wanda ya bi bayanan Birtaniya daga 1998 zuwa 2018, ya nuna cewa gyada da 'ya'yan itatuwa masu ɓawo ne sanadin aƙalla kashi 46 cikin ɗari na mace-macen da borin abinci ya haddasa. Baƙon da aka hana kek mai gyada na yini guda ɗanɗano kawai ya rasa, wanda kuwa aka yi kuskure a kansa yana iya rasa ransa, don haka suke cewa a nan ne karin maganar rigakafi ya fi magani ya fi dacewa.

Martanin masu cewa a bayyana

Ɗaya ɓangaren bai musa girman haɗarin ba, abin da yake musu shi ne cewa hani yana kawar da shi. A cewarsu, da zarar an sanar cewa babu gyada a taro, sai hankalin iyaye ya kwanta, su daina tambaya, wasu ma su bar maganin gaggawa a gida, alhali mai taron ba shi da ikon tabbatar da abin da kowace maƙwabciya ta zuba a girkinta. Sannan gyada ba ita kaɗai ce ke kisa ba. Binciken nan na Imperial College da abokan muhawararsu ke kafa hujja da shi ya nuna cewa a tsakanin yara 'yan makaranta madarar shanu ce ta fi kowane abinci guda ɗaya kisa, da kashi 26 cikin ɗari.

Dokoki biyu da suka fi suna a wannan fage, in ji su, ba daga gyada suka samo asali ba. Sabrina Shannon, yarinya 'yar shekara 13 a lardin Ontario na Kanada, ta rasu a 2003 bayan ta ci soyayyen dankali a ɗakin cin abinci na makaranta wanda furotin ɗin madara ya cuɗanya da shi, kuma dokar da aka yi da sunanta a 2005 ba ta hana wani abinci ba, ta wajabta horar da ma'aikata da tsara shirin gaggawa ga kowane ɗalibi mai lalurar. Natasha Ednan-Laperouse, 'yar shekara 15 daga Landan, ta rasu a 2016 bayan ta ci burodin da aka kwaɓa da riɗi ba a rubuta a jikin ƙunshin ba, kuma dokar da ta fara aiki a Birtaniya a Oktoba 2021 sanadin rasuwarta ta wajabta rubuta cikakken jerin kayan haɗi ne a kan abincin da aka ƙunshe a wurin sayarwa. Idan kuwa za a bi hanyar hani har ƙarshenta, to sai a cire madara da ƙwai da alkama, waɗanda su ne kek ɗin kansa.

Suna kuma kawo gwaje-gwaje. Wani bincike kan makarantun jihar Massachusetts ta Amurka da aka wallafa a 2017 ya gano cewa makarantun da suka hana gyada ba su fi sauran ƙarancin amfani da allurar gaggawa ba, kuma a 2021 wani kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ƙarƙashin jagorancin Jami'ar McMaster ya ba da shawarar kada a hana abinci a makaranta gaba ɗaya, a mai da hankali kan horo da tanadin magani. Tun a 2004 masana a Jami'ar Johns Hopkins suka nuna cewa wanke hannu da sabulu yana cire furotin ɗin gyada, amma ruwan tsaftace hannu na kashe ƙwayoyin cuta ba ya cire shi, sannan wani gwaji a birnin New York a 2003 kan yara 30 masu lalurar ya nuna cewa shaƙar ƙamshin markaɗaɗɗiyar gyada ko shafa ta a fata bai jawo wa ko ɗaya daga cikinsu bori mai tsanani ba. Ma'ana, haɗarin gaske yana cikin ci ne, kuma ci abu ne da bayani da tsafta za su iya tsarewa.

Amsar masu hani

Masu hani sun amsa da cewa makaranta daban, gidan biki daban. Makarantun da aka yi binciken a cikinsu suna da rajistar ɗalibai da ma'aikatan jinya da malaman da suka san wane yaro ne mai lalura, gidan biki kuwa hayaniya ce da cunkoso da manya da hankalinsu ya tafi ga gaisawa. Sun ƙara da cewa binciken Massachusetts ɗin ya gano cewa makarantun da suka ware tebura marasa gyada sun fi ƙarancin amfani da allurar, kuma kwamitin McMaster da kansa ya ce hujjojin da ya dogara da su ba masu ƙarfi ba ne, ya kuma yarda a ware wuri marar abinci mai tayar da bori idan yaran sun yi ƙanƙantar da ba za su iya kula da kansu ba.

Game da rubuta kayan haɗi, sun ce rubutu ba ya wuce sanin wanda ya rubuta shi. Mai gashi a gida tana sayen cakulan da bota da garin ƙamshi a kasuwa, kuma gargaɗin nan da ake gani a jikin kwali cewa mai yiwuwa akwai gyada a ciki, kamfanoni ne ke sa shi don ganin damarsu, ta yadda rashinsa ba ya nufin babu haɗari. A yankin Yorkshire na Ingila wani mutum ya rasu a 2014 bayan ya ci abincin da aka rubuta a murfinsa cewa babu gyada, saboda mai gidan abincin ya maye garin almon da wani gari mai araha da ke da gyada a ciki, laifin da ya kai shi ɗaurin shekara 6 a 2016. Akwai kuma nauyin da tsarin bayani ke ɗora wa mai lalurar, domin shi ake so ya yi ta tambaya a gaban jama'a, shi ake ware wa faranti dabam, kuma matasa da yawa sun gwammace su ci su yi shiru da a riƙa nuna su.

Raddin masu bayani

Masu bayani sun ce shari'ar Yorkshire a gare su take hujja, domin abin da ya halaka mutumin alkawari ne na cewa babu gyada, wanda shi ne ainihin alkawarin da hani ke ɗauka. Sun kuma nuna cewa tsananta ƙa'ida yakan haifar da akasin abin da aka nufa: lokacin da dokar riɗi ta Amurka za ta fara aiki a 2023, wasu kamfanonin burodi, da suka ga tsaftace injinansu zai yi musu wuya, sai suka riƙa zuba ɗan garin riɗi da gangan a kayansu domin su rubuta shi a jiki, abin da ya rage wa masu lalurar abincin da suke iya ci a da.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce tarihin shawarar likitoci. A 1998 hukumomin lafiya na Birtaniya, a 2000 kuma ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, sun shawarci iyayen jariran da ake jin tsoron za su kamu da lalurar da su jinkirta ba su gyada har su kai shekara uku, amma lalurar ba ta ragu ba. A 2008 Farfesa Gideon Lack da abokan aikinsa suka gano cewa yaran Yahudawa a Birtaniya sun ninka takwarorinsu na Isra'ila kusan sau goma wajen kamuwa, alhali jariran Isra'ila tun suna 'yan watanni ake ba su abin tsotso na gyada. Gwajin da suka wallafa a 2015 kan jarirai 640 ya nuna cewa fara ba jariri gyada da wuri ya rage kamuwa da kusan kashi 80 cikin ɗari, har Amurka ta sauya shawararta a 2017. Saboda haka suke tsoron cewa al'adar ɗaukar gyada a matsayin guba a kowane taro za ta sa iyaye su nisanta ta daga jariransu, adadin masu lalurar ya ƙaru. Kuma tunda kimanin yaro ɗaya cikin biyar ne kawai lalurar gyada ke rabuwa da shi idan ya girma, sauran za su rayu da ita a duniyar da ba ta hana gyada ba, don haka gara su koyi tambaya da karanta kwali tun suna gaban iyayensu.

Yadda batun yake a ƙasar Hausa

Muhawarar ta shafi ƙasar Hausa ta fuskar da ba ta shafi Turai ba, domin a nan gyada ba ado ba ce a saman kek, tana cikin jinin girki. Ana samun ta a yajin tsire da labun kilishi da miyar taushe da kwaɗon zogale da kunun gyada da dakuwa, da man gyada kuma ake soya cincin da dublan na gara. Injin markaɗe na unguwa yakan niƙa gyada ya niƙa wake ya niƙa kayan miya a jere, da ɗauraya ko babu, kuma turmin da aka daka ƙuli-ƙuli a cikinsa shi ake daka citta da kanumfari. Man gyadar da mata ke matsewa a gida ba tatacce ba ne, wannan kuwa yana da muhimmanci, domin wani gwaji a Southampton a 1997 kan mutum 60 masu lalurar ya nuna cewa babu wanda tataccen mai na masana'anta ya tayar wa bori, amma 6 daga cikinsu ɗanyen mai ya tayar musu.

Abin da aka auna a Yammacin Afirka ya nuna lalurar ba ta kai ta Turai tsanani ba. Wani bincike kan 'yan makaranta sama da 1,600 a Gana da aka wallafa a 2013 ya gano alamar martani ga gyada a jinin sama da kashi 17 cikin ɗari, amma ƙasa da kashi 2 ne suka ce gyada tana damun su, kuma masanan sun danganta yawancin wancan martani na jini da tsutsar tsargiya. Masu bayani suna ganin wannan ya isa nuna cewa hana gyada a walimar mutum ɗari uku ba mai yiwuwa ba ne, ba kuma adalci ba ne ga abincin da talaka ke samun furotin da shi cikin rahusa, wanda da shi ma aka yi abincin ceton yara masu tamowa a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Masu hani kuwa suna cewa ƙarancin lalurar shi ke sa ba a ɗaukar ta da muhimmanci, ga kunyar da ke hana baƙo tambayar uwargida abin da ta zuba a miya, ga kuma alluran gaggawa na aljihu da ba sa samuwa cikin sauƙi a yawancin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ta yadda kuskuren da za a iya gyarawa a Landan yana iya zama ajali a inda asibiti ke da nisa.

Auna hujjojin

Idan aka ɗora hujjojin ɓangarorin biyu a ma'auni, wasu abubuwa sun fito fili. Hanin da aka yi wa taro mai yawan jama'a, inda abinci ke fitowa daga hannaye da dama, alkawari ne da ba mai iya cikawa, kuma babu binciken da ya nuna yana rage haɗari, a nan masu bayani sun fi rinjaye. A taro ƙarami na yara ƙanana kuwa, inda mutum ɗaya ne ke girki kuma an san akwai yaro mai lalurar, barin abin da ke cutar da shi na yini guda abu ne mai sauƙi da hatta kwamitin da ya ƙi hani ya bar masa ƙofa, a nan kuma masu hani ne ke da gaskiya, da sharaɗin a bar abin da ke cutar da yaron da ke wurin, ko madara ce ko riɗi, ba gyada kawai don ta fi suna ba. Gwajin 2015 ya shafi jariran da lalurar ba ta riga ta kama ba ne, don haka ba hujja ba ne na gwada ba mai lalurar ɗan kaɗan, kamar yadda sanin cewa yara da yawa masu borin madara ko ƙwai suna iya cin su idan an gasa su cikin kek ba ya halatta gwaji sai a gaban likita.

Abin da bai warware ba shi ne tsaka-tsakin: shekara nawa yaro zai kai kafin a bar masa ragamar kula da kansa, mutum nawa taro zai kai kafin hani ya zama alkawarin da ba ya cikuwa, da kuma yadda za a auna kariyar jiki da ɓacin ran wanda aka ware. Binciken da ake da shi a makarantu aka yi shi, kuma kowane iyali zai auna nasa yanayin gwargwadon tsananin lalurar da nisan asibiti.

Duk da haka akwai matakan da ɓangarorin biyu ba su saɓa a kansu ba. Mai taro ya tambayi baƙinsa tun lokacin gayyata, mai gashi ta ajiye kwalayen kayan da ta yi amfani da su domin a iya dubawa, ta fara gasa na mai lalura da wankakkun kayan aiki ta rufe shi dabam, kowane faranti kuma ya kasance da cokalinsa. Idan bori ya kai ga sarƙewar numfashi ko jiri mai tsanani, maganinsa na farko allurar adirenalin ce a gefen cinya, a kwantar da mutum a ɗaga ƙafafunsa, ko a zaunar da shi idan numfashi ya yi masa wuya, kada a bari ya miƙe, a ƙara allura ta biyu bayan minti biyar idan bai samu sauƙi ba, a kuma garzaya da shi asibiti, domin ƙwayoyin maganin ƙaiƙayi ba sa buɗe maƙogwaron da ya kumbura. Ya kamata duk mai girki ko gashi da aka tambaye shi abin da ke cikin abincinsa ya faɗi gaskiyar abin da ya sani, idan kuwa bai tabbata ba ya ce bai tabbata ba, domin a kan amsarsa ce mai lalurar zai yanke shawarar ci ko bari.